Ya Ƙona Mini Karafan, Ya Ce Laifina Ne

Assalamu alaikum ya ustaz mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ne Abu Yasir daga Harra ta Gabas, Madina.

Ina da karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Shekara biyu ina gyara shi da hannuna, don Hajiyarmu ta samu wurin kishingiɗa idan mun fita shan iska. Ranar Alhamis Bakur, mijin ƙanwata, ya zo aro zai kai abokansa garin Yanbu. Na ce, "Bakur, ka rufe tukunyar gas kafin ka hau hanya." Ya ce, "Abshir, yaya," wato an gama, kada in damu.

Bai rufe ba. Ya bar firiji yana aiki da gas don kada namansa ya lalace. A hanya tiyo ya fice, wuta ta tashi, karafan ya ƙone ƙurmus. Alhamdulillah, ba wanda ya ji rauni.

Sai ya dawo yana gaya wa dangi wai wayar lantarkina ce lalatacciya. Har Hajiya ta ce mini, "Ka kusa kashe mutane." Wannan maganar ta fi wutar ƙuna.

Ya manta saƙon muryar da ya turo mini daga hanya: "Na bar gas a kunne, nama ya yi sanyi ƙalau." Wallahi Juma'a, bayan cin abinci a gidan Hajiya, zan kunna shi gaban kowa, sau uku.

Ƙanwata tana kuka, wai in rufa masa asiri. Ku ba ni shawara, amma ku hanzarta, don na riga na aro lasifika.