Ƙanena Bai Gudu Ba

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu alƙalai da ke gaba, lauyoyi, jami'an tsaro, malamai, da ku 'yan'uwana da kuka cika kujerun baya har wasu suka tsaya a bakin taga, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ina godiya ga kwamitin da ya kira jama'a su faɗi abin da suka gani a kotu, ya kuma ba tsohuwar malamar makaranta irina damar tsayawa a nan.

Ban karanci shari'a ba, amma na zauna a bencinta har bayana ya san kowane ƙusa. A kan ƙanena zan yi magana. Mai walda ne, kowa Dogo yake ce masa. An zarge shi da sayen ƙarafan sata, ya musanta, aka ba da belinsa bisa sharaɗin kada ya fita daga gari, kuma ya riƙa sa hannu a ofishin 'yan sanda kowace safiya. Surukinsa da maƙwabcinsa suka tsaya masa. Ba mu yi ƙorafi ba, domin kotu tana da haƙƙin ta tabbatar wanda ake tuhuma zai dawo.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi, sai kuma injin wankin ƙoda na asibitinmu ya lalace. Likita ya ce a kai shi asibitin garin da ke gaba da mu. Lauyarmu ta shigar da buƙatar a sassauta sharaɗin, ta kuma bayyana mini abin da alƙali ke dubawa: ko hali ya canza tun ba da belin, ko mutum zai gudu, ko zai taɓa shaidu. Na ce mata, "To ai shi ke nan, 'yata, mun yi nasara."

Ga abu na farko da ya fusata ni, jama'a: an jera wannan buƙata a layi ɗaya da rigimar iyakar gona, kamar ciwo yana jiran layi. Muka je, aka ce fayil bai iso ba. Muka koma, aka ce alƙali yana taro. Muka sake komawa, aka ce sai an ga mai neman da ido.

Muka kawo shi. A kan kujera muka ɗauko shi muka hau bene da shi, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A nan abu na biyu ya faru. Mai gabatar da ƙara ya miƙe, ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Ya mai shari'a, muna adawa, domin zai iya tserewa." Tserewa! Mutumin da sai an riƙe masa kofi yake shan ruwa! Ba hujja ya kawo ba, al'ada ya bi, kuma ba wanda ya tambaye shi hujjar. Aka ɗage don yanke hukunci.

Da muka koma gida na ce masa, "Dogo, na samo mota. Tashi mu tafi, duk abin da zai faru ya faru." Ya dube ni ya ce, "Haba Yaya! In na tafi, wa za a kama? Baban matata fa, da mutumin da muke haɗa katanga. Sun amince da ni. A bar kotu ta faɗi tata." Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, bai motsa ba.

Kotu ta faɗi tata. Ta amince, ta ce buƙatar tana da tushe. Lauya ta kawo mana labarin muna zaune a tabarmar karɓar gaisuwa.

Ranku ya daɗe, ban zo neman a hukunta kowa ba, kuma ban ce a daina sa sharaɗi ba. Ina roƙo a ware buƙatar da ta shafi rai a saurare ta nan take. Ina roƙo duk wanda ya ce mutum zai gudu, a ce masa ya kawo dalili. In alƙali ba ya nan, a miƙa wa wani, domin kotu ba mutum ɗaya ba ce. Ƙanena ya girmama umarninku fiye da ransa. Akwai irinsa da yawa yau, suna kwance suna jiran ku, kuma su ba su mutu ba tukuna.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba alƙalanmu ikon yin adalci a kan lokaci, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.