Sardin ta koma Ungozoma

Salamu alaikum malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro. Ni ne Lawali daga Zinder, mai ƙaramar farar motar nan da abokaina a majalisa suke kira Gwangwanin Sardin. Yayana Alhaji Isufu, mai kat-kat, babbar motar nan ta jif, shi ya fi kowa yi mini dariya.

To, ran Juma'ar da ta wuce naƙuda ta kama ƙanwarmu Zuwaira a gidanta, can cikin lungun Birni. Alhaji ya riga ni zuwa, amma kat-kat ta tsaya a bakin lungu, faɗinta ya hana ta shiga. Ni kuwa na naɗe madubai biyu, na sulala har ƙofar gida. Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe Zuwaira a baya, muka isa matanite, asibitin haihuwa, lafiya, ta haifi ɗiya mace.

Da muka fito Inna ta dafa motar ta ce, "Daga yau kar in ƙara jin Sardin. Sunanta Ungozoma."

A gaishe mini da 'yan majalisa. Yaya Alhaji kuma, gobe suna. Ka aje kat-kat a bakin titi, Ungozoma za ta shigo da kai.