Ruwan da Na Ba Aminina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Wani dattijo ne ke rubuto maka daga Kuje.

Famfon unguwarmu ya daɗe da ƙafewa, yanzu akuya ake ɗaurewa a jikinsa. Ruwan leda muke sha, na wanki kuwa 'yan garuwa ke kawowa, ba ma tambayar daga ina.

Makon jiya aminina Malam Sule ya zo daga Abaji, rana ta dake shi. Na leƙa ɗaki, leda biyu suka rage, ga jikokina na hanyar dawowa daga makaranta. Ba a barin baƙo babu ruwa, sai na ɗebo na wankin, na zuba a kofi mai kyau. Ya shanye tas, ya ce, "Alhaji, ruwanka har zaƙi gare shi."

Yanzu yana asibiti da amai da gudawa. Likita ya tambayi inda ya sha ruwa, ya ce gidana kaɗai, ya kuma rantse ba daga nan ba ne.

Gobe zan je dubiya. Masu sauraro, ku taimake ni: ta ina zan fara faɗa masa?