Lamba Ɗaya, Mutum Ashirin da Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan taro, Alhaji Nata'ala. Limamanmu masu daraja. Masu unguwanni da shugabannin kasuwa. Likitocin ido da ma'aikatan jinya da suka bar ayyukansu suka zo mana. Malamata ta kwamfuta, Malama Fareeda. Iyayena maza da iyayena mata. Yayyena da ƙannena na nan Agege, da waɗanda suka taso tun daga Mile 12 da Oyingbo: ina gaishe ku gaisuwar ɗiya ga iyayenta.

Sunana Mubina Abdulwahid, ina aji biyar a sakandare. Kafin in ce komai ina neman gafararku, domin yarinya kamata ba ta isa ta tsaya inda manya suke zaune ba. Ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Da Shugaba ya aiko a ce in zo in yi bayanin yadda aka tsara sunayen masu ganin likita, sau biyu ina roƙon Malama ta zo ta yi a madadina, sau biyu tana ƙi. Don haka na rubuta a takarda.

Ina godiya ga Allah da Ya kawo mu ƙarshen wannan aikin ido lafiya. Ina godiya ga Ƙungiyar Taimakon Juna ta unguwarmu da ta gayyato likitoci, ita ce kuma ta buɗe mana ajin kwamfuta na hutu a bayan masallaci. Ina godiya ga iyayen da suka bar 'ya'yansu mata suka shiga ajin.

Abu na farko shi ne matsalar da aka kawo mana.

Likitoci sun ce mutum ɗari uku za su iya gani, wanda ya riga rubuta suna shi zai riga shiga. Aka ajiye littattafai a masallatai, da wurin masu unguwa, da rumfunan kasuwa. To kun san halinmu. Mutum ya rubuta a masallaci, gobe ya bi ta ƙofar mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, sa ni a naka ma, ko wancan zai ɓata." Jibi ɗansa ya sake rubuta shi a kasuwa. Ba ha'inci ba ne, tsoron rasawa ne. Da aka haɗa littattafan bisa ranakun rubutawa, sai ga layi ɗari takwas da arba'in, kuma babu wanda ya san mutum nawa ne a ciki.

A layi na ɗari biyar da goma sha biyu akwai Baba Barau. Wasunku sun san shi. Shekara ashirin da shida ya yi yana dako a kasuwar Mile 12, kuma shi ke ɗauko wa kakata, Kaka Larai, attaruhu da albasa na abincin da take sayarwa. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, shekara huɗu ke nan bai ɗora kwando a ka ba. Sau ɗaya ya rubuta sunansa. In aka yanke a layi na ɗari uku yadda littafin yake, wani zai ci gurbi uku, shi kuwa Baba Barau ya ci gaba da zama a duhu.

Kwamiti ya fara tacewa da hannu, aka kwana biyu ba a wuce shafi shida ba. Ba lalaci ba ne. In za ka gwada kowane layi da kowane layi a cikin ɗari takwas da arba'in, sai ka yi gwaji fiye da dubu ɗari uku da hamsin. Na lissafa sau uku domin ban yarda ba. A nan ne Malama ta ce a ba ɗalibanta su gwada, ta kuma nuna ni.

Abu na biyu shi ne dabarar da muka yi amfani da ita, kuma ita ce har yau take ba ni mamaki.

A cikin harshen da muke rubuta wa kwamfuta umarni akwai wata ma'ajiya da muke kira saiti. Halinta ɗaya ne: ba ta karɓar abu sau biyu. Ka ba ta abu ta ajiye, ka sake ba ta shi ta ce tana da shi. Na tambayi Malama, yaya take sanin tana da shi, ko sai ta bincike duk abin da ke cikinta?

Malama ba ta amsa da baki ba. Ta sa aka aro kwandunan tumatir guda goma, ta jera su a gaban aji, ta liƙa musu lambobi daga sifili zuwa tara. Kowace ɗaliba ta rubuta lambar wayar gidansu a 'yar takarda. Sai ta ce, "Ki dubi lambar ƙarshe. In bakwai ce, kwando na bakwai. In biyu ce, kwando na biyu." Muka zuba. Sannan ta miƙo mini wata takarda ta ce, "Mubina, wannan tana ciki?" Na nufi kwandon farko zan fara tonawa. Ta ce, "Ina za ki? Wanda ya je Mile 12 neman albasa, layin doya yake farawa?" Na dubi takardar, ta ƙare da huɗu. Na je kwando na huɗu, takardu uku ne kacal a ciki, na duba, na ce babu. Sauran kwanduna tara ko taɓa su ban yi ba.

Iyayena, na koma kujerata ina ta juya abin a raina. Takardar da kanta ce take faɗin inda za ta zauna. Ba a neman ta, ita ke nuna gidanta. Malama ta ce haka kwamfuta take yi, sai dai ita ba lambar ƙarshe kaɗai take duba ba. Tana ɗaukar abin gaba ɗayansa ta yi masa wani lissafi da ake kira hash, lissafin ya fitar da lamba, lambar ta nuna kwando. Abu iri ɗaya kullum kwando ɗaya zai faɗa. In abubuwa biyu daban suka haɗu a kwando ɗaya, sai ta gwada su su kaɗai. In kwanduna suka fara cika, sai ta ƙara yawansu ta sake rabawa. Shi ya sa ko abu dubu ne a ciki, ko miliyan ne, kusan taki ɗaya take yi ta ba ka amsa. Na yi ta tunani a kan hanyar gida, cewa wani ɗan Adam ne ya zauna ya gano wannan, kuma Allah ne Ya ba shi basirar, kuma ga shi ta iso har bayan masallacinmu a cikin kwandon tumatir. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da mutum abin da bai sani ba.

Saiti yana da rauni guda, bai san wanda ya riga wani ba. Don haka na ajiye jeri na daban a gefe. Kwamfuta ta ɗauki layi, ta tambayi saiti ko ya san shi. In bai sani ba, ya shiga saiti, ya shiga jeri. In ya sani, a wuce.

Saura in zaɓi abin da zan ba saiti a matsayin shaidar mutum. Suna ba zai yiwu ba, Musa Ibrahim goma sha tara ne a littafin. Sai na ce lambar waya, ai kowa da tasa. Na danna. Kafin in ɗauke yatsana aikin ya ƙare: mutum ɗari uku da casa'in da ɗaya. Abin da manya suka kwana biyu a kai. 'Yan aji suka yi tafi, ni kuma, ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura.

Abu na uku shi ne kuskurena. Malama ta ce ba dole ba ne in faɗa, amma in na ɓoye shi na ɓoye rabin gaskiya.

Washegari da safe za a miƙa wa likitoci sunaye. Bayan La'asar na kai wa Kaka Larai takardun da aka buga, tana bakin murhu. Ta ce, "Oya, 'yar boko, karanto mini lambar Barau." Na duba shafi na farko, na biyu, har na ƙarshe. Na sake dubawa. Babu Baba Barau. Ba a ɗari uku na farko ba, ba a baya ba. Ya ɓace gaba ɗaya.

Kaka ta ajiye ludayi ta ce, "Da me injin naku yake gane mutum?"

Na ce, "Da lambar waya, Kaka."

Ta ce, "Wayar wa? Barau waya gare shi? Tun kafin a haife ki nake tare da shi, ban taɓa ganin waya a hannunsa ba. Lambar Alhaji Zayyanu ya bayar, mai masaukinsu. Duk wanda ya sauko daga motar albasa ya kwana a rumfarsa, lambarsa yake bayarwa, ko gida za a neme shi ta nan ake nema. Ke a Legas aka haife ki ba ki san wannan ba? Abeg, makarantar me ake kai ki?"

Na ruga wurin Malama, muka buɗe littafin asali. Mutum ashirin da uku ne suka ba da lambar Alhaji Zayyanu. Saiti ya karɓi na farko, ya ce wa ashirin da biyu, na riga na gan ku. Da muka bi sauran, ga wasu masu masauki, ga iyaye mata da suka ba da lambar maigida ɗaya, ga tsofaffi biyu da lambar jikansu. Mutum arba'in da biyu na goge, kuma su ne waɗanda suka fi kowa rashi, waɗanda ko waya ba su mallaka ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na fashe da kuka na ce kwamfuta ta cuce ni. Malama ta ce, "Ba ta cuce ki ba. Ke kika gaya mata lamba ita ce mutum, ita kuwa ta yarda da ke." Na ce to bari in sa Baba Barau da biro a gefe, tunda lokaci ya ƙure. Ta dube ni ta ce, "Sauran arba'in da ɗaya fa, waɗanda ba su da Kaka Larai?"

Wannan tambaya ta fi mari zafi. Na share hawaye na zauna. Na haɗa abu uku wuri ɗaya: suna, da lambar waya, da garin asali. Sai dukkan ukun sun zo ɗaya sannan saiti zai ce mutum ɗaya ne. Layi ɗaya na gyara a cikin umarnin. Wasu sunaye goma sha huɗu da muka yi shakka a kansu muka kai wa masu unguwa, suka tantance da sanin da suke da shi na mutanensu. Kafin a kira Magariba lissafi ya tsaya a kan mutum ɗari huɗu da talatin da uku. Na bi jerin da yatsa. Ɗari biyu da hamsin, babu. Ɗari biyu da tamanin, babu. Ɗari biyu da tamanin da bakwai: Barau, na Gwadabawa.

Don haka ina kira ga 'yan uwana ɗalibai: kafin ku tambayi kwamfuta, ku tambayi kakanninku. Kwamfuta ta san inda kowane abu yake, amma ba ta san wane ne ba shi da waya ba. Ina kuma roƙon iyayenmu, in kun ga muna danne-danne kada ku ce ba fanninku ba ne. Ku leƙo ku tambaye mu yadda Kaka ta tambaye ni. Tambayarta guda ta ceci mutum arba'in da biyu.

Ranar da aka cire wa Baba Barau bandeji ina wurin, na raka Kaka. Ya daɗe yana ƙifta ido. Ya dubi hannunsa, ya juya shi, ya dubi fankar da ke sama. Sannan ya dubi Kaka ya ce, "Larai, ashe kin tsufa haka?" Ta ce, "Ka samu madubi tukuna, sannan ka zo mu yi magana." Sai ya juyo gare ni ya ce, "Wagga fa?" Kaka ta ce, "Mubina ce, wadda ta goge ka." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce, "Ɗiyata, taho kusa." Na matsa. Ya ce, "An ce ke kika fidda ni, ke kika maido ni. To na yafe na farko, Allah Ya biya ki na biyu." Yau ga shi can a sahu na uku. Shi kaɗai ya hau motar danfo ya zo, babu mai riƙe masa sanda.

Amma ya Shugaba, mutum ɗari da talatin da uku ba su samu shiga ba. Ina da sunayensu, kowa sau ɗaya, kowa a kan layinsa. In Allah Ya sa likitoci za su dawo, ina neman izininku, da izinin iyayena, a bar ni in sake rubuta jerin. Wannan karon a rumfar Alhaji Zayyanu zan fara zama, da littafi da biro, kafin in taɓa kwamfuta.

Allah Ya saka wa likitocinmu da alheri, Ya tsare hannuwansu. Allah Ya ƙara wa shugabanninmu da malamanmu lafiya da haƙuri da mu. Waɗanda aka yi wa aiki, Allah Ya tabbatar musu da ganinsu. Waɗanda ke jira, Allah Ya kawo nasu lokacin da sauri. Allah Ya zaunar da Agege da Legas da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.