Kati Ɗaya, Ciki Biyu

AUTA: Salamu alaikum. Yaya?

YAYA: Wa alaikumus salam. A'a! Yau manya sun ɗauka a bugu ɗaya. Ina wuni, 'yar ofis?

AUTA: Haba Yaya, ni zan gaishe ki. Ina wuni? Ya yara? Ya shago?

YAYA: Lafiya lau. Shago ga shi nan, an ɗauke wuta tun safe, na koma keken ɗinki na ƙafa. Ya sanyin ofis? Kar dai ya kama miki ƙirji, mu nan zufa muke sha.

AUTA: Yaya ke nan. Ya Baban yara? Ya bayan nasa?

YAYA: Baya yana nan yadda kika san shi. Shekara goma sha ɗaya yana jan motar kamfani, har yau sunansa ɗan kwantiragi. Wanda yake ɗauka a kujerar baya ko atishawa ya yi sai asibiti, inshora ta biya. Shi mai tuƙin sai man zafi daga kemis. Ya naki maigidan?

AUTA: Yana gaishe ki.

YAYA: Ina amsawa. An gama fentin sabon falon?

AUTA: Me? Ban ji ba.

YAYA: Fenti! Na ce fenti!

AUTA: Oho. An gama.

YAYA: Madalla, na masu abu. Ke, bari in yi sauri, kuɗin wayata ba yawa. Kan katin asibitinki na inshorar ofis ne na kira. Jibi Alhamis ne za su yi mini aikin, sun ce in kwana can ranar Laraba. Gobe zan biyo in karɓa, ko ki aje mini wurin maigadinku.

AUTA: Yaya... layin nan yana yankewa.

YAYA: Ni ina jin ki ras. Kuma kar ki damu, wannan karon na shirya. Ranar haihuwarki na haddace ta kamar karatu. Ba irin ranar farko ba, da nas ta kira sunanki har sau uku ina zaune ina kallon silin, sai da wata mata ta zungure ni ta ce, "Baiwar Allah, ba ke ba ce a jikin katin?" Allah ya so hoton ƙarami ne, kuma hancin gidanmu ɗaya ne.

AUTA: Hmm.

YAYA: Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Yadda suka karɓe ni. "Madam, zauna nan. Madam, sannu." Shekarata arba'in da ɗaya, ba a taɓa ce mini madam a asibiti ba sai da na ari sunanki. Da sunana na je, tun daga ƙofa za a nuna mini tagar biyan kuɗi.

AUTA: Ai ba laifina ba ne, Yaya.

YAYA: Wa ya ce laifinki ne? Rabo ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya, aka zaunar da ni kan keke aka kai ki makaranta. Ni na ɗinka miki kayan makarantar ma, har da aljihu biyu don kin yi kuka. Layinmu na teloli mu goma sha huɗu ne, ki nemo mini mai kati ko ɗaya. Babu. Mai gyaran waya na gabanmu babu, mai wankin kai babu. An ce ƙananan yara kyauta, tsofaffi a rage musu. Mu na tsakiya da muke goye da yaran muna tallafe da tsofaffin, mu ƙarfe ne, ba ma ciwo.

AUTA: Yaya, ki tsaya in yi magana.

YAYA: To yi mana. Tun ɗazu sai "hmm" kike yi kamar mai ciwon haƙori.

AUTA: Na je asibitin.

YAYA: Kin je ina? Wannan mai babur ɗin ya cika mini kunne. Ina kika je?

AUTA: Asibitin. Jiya.

YAYA: Wane asibitin?

AUTA: Na katin.

YAYA: Ke da kanki? Da fuskarki? Auta, ba mun yi da ke ba za ki taka wurin ba sai an sallame ni?

AUTA: Jiri ne ya ɗebe ni a ofis, na faɗi. Su suka kai ni, ban ma san...

YAYA: Subhanallahi! Kin faɗi? Me ya same ki? Kin ji ciwo?

AUTA: A'a. Yaya, ciki ne da ni. Wata uku.

YAYA: Me kika ce?

AUTA: Ciki.

YAYA: Allahu akbar! Auta! Bayan shekara takwas? Kai, kai, kai! Alhamdu lillahi! Bari in tashi daga kan keken nan kar in ɗinke yatsana. Wayyo 'yar ƙanwata! Maigidan ya sani? Ina ma Mama tana raye ta... Tsaya. Tsaya tukuna. Fayil ɗin da suka buɗe miki, wanne ne?

AUTA: Ai guda ɗaya ne.

YAYA: Wanda aka rubuta ƙari a mahaifa? Wanda aka ce jibi za a cire mahaifar gaba ɗaya?

AUTA: Shi.

YAYA: To.

AUTA: Nas tana buɗewa ta dube ni ta dubi takarda. Ta kira likita. Ba wanda ya gan ki ba, wani ne. Suka sake yin hoto nan take.

YAYA: Suka ga me?

AUTA: Suka ga yaro. Babu ƙari.

YAYA: Ina zai kasance, tunda yana nan wurina? Auta, in tambaye ki, kuma ki ji tsoron Allah. Wata uku, mace ba ta san tana da ciki ba? Ke da kike ƙirga kwanaki a kalanda da jan biro?

AUTA: Yaya...

YAYA: Faɗuwa kika yi, ko da ƙafarki kika je?

AUTA: Da ƙafata na je.

YAYA: Yauwa. Gara haka.

AUTA: Sati biyu ke nan da na sani. Kullum sai in ɗauki waya in aje. Ki duba mini, Yaya. In aka cire miki mahaifa da sunana, nan da wata shida in zo haihuwa da wace mahaifar? Ranar za su gane. Su soke katin, su rubuta wa ofis, a kore ni da tsohon ciki. Kuma jini na gani shekaranjiya, na tsorata.

YAYA: Asibiti ɗaya ne a garin? Ba ki iya zuwa wani ki biya ba, ke mai albashi? Jiya da kika je, kwana uku kawai ya rage mini, Auta. Kwana uku!

AUTA: Awo ɗaya zan biya, haihuwar fa? In ta zo da tiyata fa, a shekaruna?

YAYA: Au, kin san tiyata da tsada ashe.

AUTA: Kar ki yi mini haka.

YAYA: Ni da nake tsaye in yanka yadi sai na dafa tebur. Wata biyar ina zubar da jini, na faɗa wa kwastomomi ina hutu daga Laraba, na mayar da ɗinkin mutane har kala tara. Komai naki ne dama. Makaranta taki, ofis naki, kati naki. Abu ɗaya na ara na kwana uku, shi ma...

AUTA: Komai nawa? Yaya, 'ya'yanki biyar! Shekara takwas ina zuwa gidanki ina goya naki, in koma gida in rufe ɗaki in yi kuka. Kin taɓa sani? Ke kina kallon katina, ni ina kallon igiyar shanyarki cike da ƙananan riguna. Wallahi da za a yi musaya da tuni na ba ki katin da ofishin har da sanyinsa.

YAYA: Ai ga shi yanzu kin haɗa duka biyun.

AUTA: Yaya!

YAYA: Ƙarya na yi?

AUTA: Zan sayar da sarƙata. Maigidan ma na yi masa magana, ya ce zai ga abin da...

YAYA: Kin san nawa ne aikin in babu kati? Na tambaya tun kafin in zo wurinki. Ko kekuna shida na sayar ba su kai ba, ni kuma biyu gare ni, ɗaya ma ba ya ɗinkin zigzag. Riƙe sarƙarki, kya sa ranar da kika haihu.

AUTA: Don Allah ki bari in zo shagon yanzu.

YAYA: Ki zo ki yi me? Ki hau babur da cikin da aka yi shekara takwas ana nema? Zauna inda kike, kar ki jawo mini wani abin. Faɗa mini dai, da suka ga babu ƙari me suka ce? Ba su tuhume ki ba?

AUTA: A'a. Likitan ya ce kuskure ne daga wurinsu, an haɗa hotona da na wata. Ya soke aikin. Har haƙuri suka ba ni.

YAYA: Suka ba ki haƙuri.

AUTA: Eh.

YAYA: Madam, yi haƙuri. To shi ke nan, na warke a takarda. Sai me?

AUTA: Ba komai.

YAYA: Auta, ni na yaye ki daga bayan Mama. Na san muryarki in kin rage zance. Sai me?

AUTA: Ya daɗe yana kallon hoton naki. Ya ce wa nas su bincika duk matan da aka yi wa hoto ranar, su nemo mai shi. Ya ce ko wace ce, nata ba na jira ba ne, kar ta wuce wata ɗaya.

YAYA: Wata ɗaya.

AUTA: Haka ya ce.

YAYA: Kina zaune a gabansa.

AUTA: Ina zaune.

YAYA: Ke kuma kika ce me?

AUTA: Yaya, ki gafarce ni.

YAYA: Me kika ce masa?

AUTA: Na ce... Allah ya ba ta lafiya.

YAYA: Amin.

AUTA: Yaya, ki saurare ni, gobe da sassafe zan... Yaya? Kina ji na? Yaya!