Ɓerayen Hikima da Ƙafata

Assalamu alaikum. Shugaban taro Baffa Yuguda, iyayena mata, malaman jami'a da kuka taho, 'yan unguwar Federal Low-Cost, 'yan Kagarawal ɗinmu da ke can baya kusa da kular zoɓo, da ƙawayena na Fesbuk da yau na ga fuskokinku na gaskiya, barkanmu da yamma. Hikima, daina harara ta, ke kika ba ni makirfo.

Na gode wa Baffa da ya haɗa walimar nan ta kammala karatun Hikima, na gode wa samarin da ke caje mutane a ƙofa. Ni ce A'i, 'yar ƙanen Baffa. Katifa ɗaya muka tashi a kai da Hikima, benci ɗaya muka zauna, har ranar da bom ya tashi a kasuwa ya bar min ƙarfe a ƙafa. Ita ta wuce jami'a, ni na wuce gado da waya.

Magana ta farko, ina taya ta murna, wallahi har zuciyata. Ta biyu, kishi nake. Ba da ita ba fa. Da ɓerayenta.

Kun san aikin da ta gama? Bincike ta yi a kan ɓeraye a jami'a. Ta ce min a jikin ɓera akwai ƙwayoyin gado masu aiki kamar agogo, su ke gaya wa jiki yanzu dare ne, yanzu rana. Wai zafin da ɓera ke ji da safe daban, na yamma daban, in kuma aka taɓa agogon nan sai jin zafin ya canza. Ɓera fa! Ana auna shi, ana rubutawa, ana yi masa magana a hankali kar ya firgita.

Ni kuma ƙafata agogo gare ta. Da safe kamar ana soka min allura, ko tsayuwar wanke-wanke ba na iyawa. Bayan azahar ta sake ni, in yi ta yawo ina ɗaukar hoto. Sai Goggo ta ce, "Ciwon da ya san lokacin aiki? Raki ne, tashi!" Goggo, ina ganin ki, kar ki ɓuya a bayan mayafi, ina son ki haka nan.

Da na ji labarin ɓerayen na yi tsalle, na ce ga shaidata. Na ce, "Hikima, gaya musu!" Ta gyara tabarau ta ce, "A'i, ni a ɓera na gwada, ban gwada a mutum ba."

Ɓera bai buɗe baki ba an yarda da shi. Ni kullum bakina buɗe, ba wanda ya yarda.

To ga ta uku. Hikima, za ki tafi ƙaro karatu, ki bar ni da su Goggo. Ban ce ki yi ƙarya a kan aikinki ba. Amma ke kike riƙe min ƙafar nan da safe ina cizon filo. Abin da idonki ya gani nake so ki faɗa. Raki ne?

Kun ji ta? Hikima, ƙara ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Ta ce ba raki ba ne. Goggo, gobe da safe sai a nemi mai wanke-wanke.

Duk mai ciwon da ke zuwa da lokacinsa, ya ɗaga hannu, ya same ni bayan taro ya ba ni labari. Au, Baffa, har da kai?

Allah ya kai Hikima lafiya, ya dawo mana da ita. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da Gombe lafiya, ya mai da kowa gida kafin magariba. Ɓerayen ma na yafe musu.

Na gode.