Igiyar Ƙafar Falmata

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu a rediyo, barka da aiki. Ni masunci ne daga Kirikasamma, ƙasar Haɗeja.

'Yata Falmata kurma ce, shekararta biyar. Duk damina idan kogi ya kawo, sai mu ɗaure ƙafarta a turke, don ko ta nufi ruwa ba ta jin kiranmu. Wallahi ba mugunta ba ce, tsoro ne.

Bara hukumar En'e ta turo mana wani malami da aka kai Ingila ƙarin karatu, ya koyo aikin yara irinta. Da ya ga igiyar bai zage ni ba. Ya ce, "Baba, kwance ta mu gwada." Ya koya mana magana da hannu, ni da uwarta da ita. Yanzu daga cikin kwalekwale nake ɗaga hannu, ta tsaya cak a bakin gaɓa.

To, an mai da shi Kano, ga 'ya'yan maƙwabta irinta har yau a turke. Malam, a tambayar mana manya, me ya hana a horar da irinsa da yawa? Ina gaishe shi in yana ji. Igiyar Falmata dai, yanzu akuya ce ɗaure da ita.